Joe Hill Louis, Makaɗi Shi Kaɗai Gayya: Rayuwarsa da Tasirinsa a Kiɗan Buluz na Lantarki a Memfis

Tsakure

Wannan takarda ta dubi rayuwar Joe Hill Louis (1921–1957), makaɗin buluz na birnin Memfis a Amurka, wanda yake haɗa jitar lantarki da ganga da busar harmonika da waƙa a zama ɗaya. Ta bi sawunsa daga kiɗan titi zuwa gidan rediyo da ɗakin ɗaukar murya. Hujjar da takardar ta tsaya a kai ita ce, lissafin kuɗi da hayaniyar fili ne suka haifi salonsa, kuma tasirinsa ya fi bi ta kunnen Sam Phillips da fayafayan wasu mawaƙa fiye da ta sunansa. Ta kuma ja da masu naɗa masa rawanin uban kiɗan rok mai nauyi.

Gabatarwa



Duk wanda ya karanta tarihin kiɗan zamani na Amurka zai ci karo da wani ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar murya mai lamba 706 a titin Union, cikin birnin Memfis na jihar Tenesi. Nan Sam Phillips ya buɗe Memphis Recording Service a watan Janairun 1950, nan kuma kamfanin fayafayai na Sun ya tsiro a 1952. In an zo jera waɗanda suka ratsa ta wannan ɗaki, da Elvis Presley ake farawa, a bi da Johnny Cash da Jerry Lee Lewis, sannan a ɗan tuna da B.B. King da Howlin' Wolf. Mutumin da Phillips ya fara fitar wa faifai a kan tambarin kansa, tun ba a san da Sun ba, ba kasafai yake samun shiga wannan jeri ba. In ma ya samu, sai a ba shi layi biyu: ya kaɗa kayan kiɗa uku shi kaɗai, jitarsa tana da ƙara, ya mutu da ƙuruciya. Layukan biyu gaskiya ne, sai dai ba su bayyana dalilin da ya sa mutum zai ɗora wa kansa aikin mutum uku ba, balle abin da hakan ya yi wa sautin da ya bari.

Daga Raines zuwa titin Beale

An haife shi ranar 23 ga Satumba, 1921, a Raines da ke kudu da Memfis. Sunansa na yanka Lester Hill. Yana ɗan shekara 14 ya bar gida, wani gidan attajirai farar fata, iyalin Canale, suka ɗauke shi yaron gida. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne ya yi faɗa da wani yaro ya kayar da shi, sai aka laƙaba masa sunan Joe Louis, ɗan damben da baƙar fatar Amurka suke tinƙaho da shi a wancan zamani. Laƙabin ya haɗu da sunan gidansu ya zama Joe Hill Louis, ya kuma bi shi har kabari. Ya yi aiki a otal ɗin Peabody a ƙarshen shekarun 1930, amma alaƙarsa da gidan Canale ba ta yanke ba har ƙarshen rayuwarsa. Wannan batu ya cancanci a riƙe shi: ko a shekarun da fayafayansa suke fita, Louis ɗan aikin gida ne da rana.

Memfis ɗin da ya tashi a ciki birni ne na wariyar launin fata, a ƙarƙashin ikon ɗan siyasa E.H. Crump. Titin Beale shi ne kasuwa da dandalin baƙar fata, kuma a kansa akwai filin shaƙatawa na Handy, wanda aka sa wa sunan makaɗi W.C. Handy a 1931. Makaɗa suna zama a wannan fili su yi kiɗa, masu wucewa su jefa musu abin da ya sawwaƙa. A shekarun 1920 da 1930 ƙungiyoyin masu busa tulu ne suke cin kasuwa, irin su Memphis Jug Band ta Will Shade da ƙungiyar Gus Cannon, mutum uku ko fiye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amura suka sauya. Injin tsintar auduga ya shiga gonakin yankin Delta na Misisipi (a 1944 aka fara noma auduga a girbe ta da inji zalla a gonar Hopson kusa da Clarksdale), ma'aikatan gona suka yi ta kwararowa birni, wasu su zauna a Memfis, wasu su zarce Cikago. Titin ya cika da jama'a da motoci da akwatunan kiɗa masu cin kwabo. Jitar katako ba ta iya ɗaga murya a cikin wannan hayaniya.

Yadda mutum ɗaya yake zama gayya

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar.

Tsarin zaman Louis shi ne: yana kan kujera, jitar lantarki a cinya, an jona ta da ƙaramar amfilifaya. A wuyansa akwai maƙalin ƙarfe da ya riƙe harmonika daidai bakinsa. Ƙafa ɗaya tana kan fedar babbar ganga, ɗayar tana kan fedar faranti biyu na ƙarfe da suke haɗuwa su ba da amo. Murya da busa suna karɓa-karɓa, tunda baki ɗaya ne: in ya rera layi, sai ya amsa wa kansa da harmonika.

Dalili na farko da ya kai mutum ga wannan wahala ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya taru a hula, in ƙungiya ce sai an kasa shi gida biyar. In mutum ɗaya ne, nasa ne duka. Mai gidan rawa ko mai shirya liyafa shi ma ya fi son ya biya mutum ɗaya ya samu amon mutum uku. A ganina akwai dalili na biyu da ya shafi Louis shi kansa: wanda lokacinsa yake hannun iyayen gidansa ba zai iya riƙe ƙungiya ba, da atisayenta da tafiye-tafiyenta da jiran wanda ya makara. Mai kaya a jikinsa kuwa, duk sa'ar da ya samu sarari ya kafa ya fara.

Makaɗi tilo mai kayan kiɗa da yawa ba Louis ne ya ƙirƙiro shi ba. An daɗe ana ganin irinsa a titunan Turai da na Amurka. Abin da ya zo da sabo shi ne wutar lantarki. Kafin amfilifaya, ganga takan danne jita, don haka mai haɗa su dole ya sassauta ƙafa. Da jita ta samu lasifika sai ta iya kai wa ganga, har ta wuce ta. Amma amfilifayar wancan zamani ƙarama ce, mai aiki da kwalaben bawul. In aka murɗa ta fiye da ƙarfinta, ba ta iya fitar da sautin yadda ya shiga. Sai ta datse masa kai da gindi, ya fito da kaushi da gurnani, ya kuma daɗe yana amo kafin ya mutu. Injiniyoyi aibi suke ɗaukar wannan. Makaɗin da yake gasa da hayaniyar titin Beale ba shi da zaɓi, dole ya ƙure ta. Da tafiya ta yi tafiya, kunnuwan masu saurare suka saba da kaushin, har ya zama abin nema.

Haɗa kayan a jiki ɗaya ya kuma tsara wa kiɗan iyakokinsa. Mai busa harmonika da hannu yakan rufe ta da tafukansa ya buɗe, ya sa ta yi kuka kamar ta mutum. Wanda tasa take maƙale a wuya ba shi da wannan dama, sai busarsa ta zama gajera, mai sara, mai bin kiɗa. Ƙafa ba ta iya ƙawata bugu yadda hannu yake yi, don haka gangar Louis dukan kai-tsaye take yi, ɗaya bayan ɗaya, ba ado. Hannun da ke kan jita shi ma aikin riƙe kiɗa ya fi yawa a kansa. Sakamakon shi ne kiɗa mai nauyi, mai maimaici, wanda aka gina don rawa. A gefe guda kuma akwai 'yanci. Buluz ɗin ƙungiya yana tafiya ne a kan ma'auni 12 da kowa ya sani, domin kowane makaɗi ya san inda za a juya. Mutum ɗaya ba ya jiran kowa, ba wanda yake jiransa. In layin waƙa ya yi tsawo sai ya ƙara, in ya gaji da shi sai ya yanke. Mai sauraren fayafayan Louis na farko zai ji wannan sassauci.

Ga mai sauraro Bahaushe, misalin da ya fi kusa shi ne marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa: mawaƙi ba 'yan amshi, ba makaɗa a bayansa, abin kiɗansa ne yake amsa masa, kuma talakan kan titi ne jama'arsa ta farko. Bambancin shi ne Ɗan Maraya ya rage kaya har suka koma tsirkiya ɗaya, Louis kuwa ya tara su ya ɗora wa gaɓoɓinsa huɗu. Ban kawo misalin don in ce akwai jini tsakaninsu ba. Gaskiya ne Paul Oliver a littafinsa Savannah Syncopators na 1970, da Gerhard Kubik a Africa and the Blues na 1999, sun nuna cewa wasu siffofin buluz sun fi kama da kiɗan tsirkiya na yankin sabana na Afirka ta Yamma fiye da kiɗan ganguna na bakin teku, kuma ƙasar Hausa tana cikin wannan yanki. Amma wannan magana ce ta tushen buluz baki ɗaya. Abin da ya sa Louis ya zama Louis, a Memfis aka ƙera shi, da wayar lantarki.

Rediyo da faifan farko

Gidan rediyon WDIA ya buɗe a 1947. A watan Oktoban 1948 ya ba wani baƙar fata, Nat D. Williams, shiri, kuma kafin 1949 ta ƙare ya koma gidan da duk shirye-shiryensa na baƙar fata ne, na farko irinsa a Amurka. B.B. King ya fara suna a nan yana tallar wani maganin ƙarin kuzari mai suna Pepticon. Louis shi ma ya samu shirin minti 15 a gidan, har aka riƙa kiransa da sunan maganin, ban da ɗaya laƙabin nasa, Be-Bop Boy. Wannan laƙabi na biyu talla ce kawai. Kiɗansa ba shi da haɗi da salon jaz mai wannan suna.

A 1949 kamfanin Columbia ya ɗauki waƙoƙinsa huɗu, cikinsu da “Railroad Blues” da “Joe's Jump”. Babban kamfani ne, amma bai san yadda ake sayar da irin wannan kiɗa ba, kuma maganar ba ta yi nisa ba.

Shekarar 1950 ce ta kafa sunansa a tarihi. Sam Phillips ya haɗa kai da Dewey Phillips, mai gabatar da shirin Red, Hot and Blue a gidan rediyon WHBQ (suna ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne), suka kafa ɗan kamfani mai suna It's The Phillips. Faifai ɗaya tak kamfanin ya fitar kafin ya mutu: “Boogie in the Park” a fuska ɗaya, “Gotta Let You Go” a ɗayar, a watan Agustan 1950. Kwafi 'yan ɗaruruwa aka buga. A kasuwa faɗuwa ce. A kunne kuwa, faifan ya kamo abin da ba a saba bari ya shiga faifai ba: jita mai gurnani da aka ƙure wa murya, da ganga mai duka ba sassauci, kamar an ɗauko filin Handy an shigo da shi ɗaki. A lura da kwanan wata. “Rocket 88” na Jackie Brenston da Ike Turner, wanda ake yawan cewa shi ne ya fara shigar da kaushin jita faifai saboda amfilifayar Willie Kizart da ta lalace a hanya, sai a watan Maris na 1951 aka ɗauke shi, a wannan ɗaki dai. Na Brenston hatsari ne aka mayar ado. Na Louis kuwa haka yake kiɗansa kullum.

Daga nan Phillips ya riƙa ɗaukar muryarsa yana sayar wa wasu kamfanoni. Modern na 'yan uwan Bihari ya fitar da jerin fayafayansa, cikinsu da “I Feel Like a Million”. Checker na 'yan uwan Chess a Cikago ya fitar da “Dorothy Mae” a 1952. A farkon 1953 Sun ya fitar da “She May Be Yours” da “We All Gotta Go Sometime”. Ya kuma yi faifai a Meteor da sunan aro, Chicago Sunny Boy, dabarar da aka saba yi a lokacin don kauce wa yarjejeniyar da mawaƙi ya sa wa hannu da wani kamfani.

Akwai abin lura a faifan Sun ɗin nan: ba shi kaɗai ba ne. An zaunar da Albert Williams a fiyano, Willie Nix a ganga. Wato da aka shigo ɗakin ɗaukar murya, dalilin da ya haifi makaɗi tilo ya kau. Ba hular da za a raba, kuma mai kamfani yana son kiɗa mai tsari da zai zauna a akwatin kiɗa. Sai aka kwance masa kayan ɗaya bayan ɗaya. Wasu masu sharhi suna ganin hasara ce. Ni ban bi su gaba ɗaya ba: da aka sauke masa nauyin ganga, hannunsa a kan jita ya samu sakewa, kuma “She May Be Yours” tana cikin mafi ƙarfin abin da ya bari.

Hannunsa a fayafayan wasu

Faifan da ya fi kowanne kai sautin Louis kunnuwan jama'a ba sunansa ne a kai ba. A farkon 1953 “Hound Dog” ta Big Mama Thornton tana tashe. Phillips ya yi maza ya sa Rufus Thomas, wanda shi ma ma'aikacin WDIA ne, ya yi waƙar martani mai suna “Bear Cat”. Louis ne ya kaɗa jitar, har da dogon kiɗan tsakiya. Waƙar ta kai mataki na 3 a jadawalin fayafayan baƙar fata na ƙasa, ita ce nasarar Sun ta farko. Ita ce kuma ta jawo wa Phillips ƙara daga Don Robey na kamfanin Peacock kan satar karin waƙa, ya kuma biya.

A wannan shekara Rufus Thomas ya sake yin “Tiger Man”, wadda aka rubuta sunan Louis da na Sam Burns a matsayin mawallafanta. Sam Burns kuwa Phillips ne da kansa ya ɓuya a bayan sunan gidan su matarsa. Shekara 15 bayan haka Elvis Presley ya rera ta a wajen ɗaukar shirinsa na talabijin na NBC na 1968, shirin da ya dawo da shi fagen waƙa. Masu sauraren Elvis ba su san mai ita ba, Louis kuma lokacin ya shekara 11 a ƙasa. Louis ya kuma yi aiki da gwanin harmonika Walter Horton, wani lokaci yana raka shi, wani lokaci Horton yana raka shi, kamar a “Hydramatic Woman”.

Ƙarshensa

Da Elvis ya fito a 1954, hankalin Phillips ya koma kan samari farar fata, kuma a watan Nuwambar 1955 ya sayar wa RCA da kwantiragin Elvis kan dala 35,000. Makaɗan buluz na Sun suka watse. Louis ya ci gaba da 'yan fayafayai a ƙananan kamfanoni da aikinsa na gida. A bazarar 1957 ya yanke a babban yatsa, ya ci gaba da aikin lambu yana taɓa taki, ciwon ya kamu da tetanos, cutar sarƙewar haƙora. Ya rasu ranar 5 ga Agusta, 1957, a asibitin John Gaston na Memfis, yana da shekara 35. A lokacin, allurar rigakafin wannan cuta ta daɗe da samuwa. Da ita aka kare sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ina tasirin yake?

A rubuce-rubucen zamani ana yawan cewa “Boogie in the Park” ita ce kakar kiɗan rok mai nauyi. Ina da ja a kan wannan. Kama ba ita ce gado ba. Faifan da kwafinsa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, wanda ya ɓace daga kasuwa cikin watanni, da wuya a ce samarin Ingila na shekarun 1960 daga gare shi suka koya. Kuma ba Louis kaɗai yake da wannan sauti a Memfis ba. Willie Johnson, mai jitar Howlin' Wolf, da Pat Hare, wanda ya kaɗa wa James Cotton “Cotton Crop Blues” a 1954, duk a wannan ɗaki suka bar irinsa, kamar yadda Robert Palmer ya nuna a nazarinsa kan jitar lantarki. Sauti ne na gari, na masu ƙananan amfilifaya da manyan taro. Ban da haka, auna shi da ma'aunin kiɗan da ya zo bayan mutuwarsa yana mayar da shi ɗan share fage ga wasu, alhali yana da jama'arsa da suka yi rawa da kiɗansa, suka kuma biya shi.

Inda nake ganin tasirin ya tabbata wuri biyu ne. Na farko kunnen Sam Phillips. Mutumin da ya ji jitar Louis a 1950 ya bar ta yadda take, shi ne ya ji lalatacciyar amfilifayar Kizart a 1951 bai tsayar da ɗauka ba, shi ne kuma ya nemi irin wannan ɗanyen sauti a wajen samarin da suka zo bayan 1954. Louis yana cikin waɗanda suka fara horar da wannan kunne.

Na biyu shi ne tsarin kansa: jitar lantarki, harmonika a wuya, ganga a ƙafa. Doctor Ross, ɗan Tunica ta Misisipi, wanda shi ma ya yi fayafayai a Sun irin su “Chicago Breakdown”, ya koma wannan tsari sosai bayan ya ƙaura zuwa Flint ta jihar Michigan a 1954 ya kama aiki a General Motors. Ross ya yi tsawon rai har 1993, ya je Turai a 1965, kuma ƙungiyar Cream ta ɗauki waƙarsa “Cat's Squirrel” a 1966. Juke Boy Bonner a Texas da Duster Bennett a Ingila sun bi hanyar. Jesse Fuller, wanda ya girme su duka, hanyarsa daban ce, da abin kiɗan ƙafa da ya ƙera wa kansa. Kwatanta Ross da Louis yana nuna yadda suna yake samuwa a wannan fage: lokacin da Turawa masu sha'awar buluz suka fara neman tsofaffin makaɗa suna kai su dandamali, suna yi musu tambayoyi, suna ɗaukar hotunansu, Ross yana raye, Louis ba ya nan. Abin da ya rage nasa sai da kamfanonin Bear Family na Jamus da Ace na Ingila suka tattara suka sake fitarwa, har da waƙoƙin da ba su taɓa fita ba yana da rai.

Kirana ga masu nazarin waƙa da kiɗa a sassan jami'o'inmu shi ne, in za a yi aikin kwatance tsakanin buluz da kiɗan tsirkiya na ƙasar Hausa, kada a tsaya ga kamannin karin sauti kaɗai. A tambayi wa yake biyan makaɗi, mutum nawa suke raba kuɗin, a wane fili yake zama, da kuma abin da lasifika ta sauya a hannunsa ranar da ta iso. Fayafayan Louis na 1949 zuwa 1953 suna nan a kasuwa da kuma intanet. A fara da sauraren su.